Bel ɗin Peppa da Nakiyar Tom: Nazari kan Abin da Yara ke Kwaikwayo a Katun

A watan Janairun 2010, kamfanin Astley Baker Davies na birnin Landan, mai shirya katun ɗin Peppa Pig a lokacin, ya sanar da cewa zai koma kan shirye-shiryen zango na ɗaya da na biyu, ya sake zana wuraren da iyalin Peppa suka shiga mota. Dalili kuwa, an kai kuka cewa wata yarinya ta ƙi yarda a ɗaura mata bel, hujjarta ita ce Peppa ba ta ɗaurawa. Tun 2004 ake nuna shirin, uba yana tuƙi, uwa na gefensa, Peppa da ƙanenta George suna baya suna tsalle-tsalle, ba wanda ya ɗaura komai. Ɗaya daga cikin masu shirin, Mark Baker, ya amsa cewa da suka fara ba su hango abin da zai biyo baya ba. Aka sa bel, daga baya kuma aka ɗora wa masu hawa keke hular kwano.

Mutane da yawa sun ɗauki abin a matsayin shirme. Alade mai magana, mai sanye da jar riga, wanda idanunsa biyu suke gefe guda na fuska, shi ne za a ce sai ya bi dokar hanya? Wasu kuma suka ce gyaran ma ya makara. Wannan saɓani shi ne abin da nake son dubawa: ko wajibi ne jaruman katun na yara su riƙa nuna halin kiyaye lafiya da guje wa haɗari. Ra'ayina shi ne, tambayar kamar yadda aka saba yin ta tana haɗa abubuwan da ba ɗaya ba. Bel ɗin Peppa daban, nakiyar da ɓera Jerry ke cusa wa muzuru Tom a katun ɗin Tom and Jerry daban, kuma wanda ya auna su da mudu ɗaya zai yi kuskure a duka biyun.

Abin da bincike ya tabbatar

Duk mai magana kan kwaikwayon yara daga mai bincike Albert Bandura yake farawa. A 1961, a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka, shi da abokan aikinsa mata biyu sun sa yara 72 cikin gwaji. Wasu sun kalli babban mutum yana jibgar wani mutum-mutumin roba da ake hura wa iska, yana naushinsa, yana buga masa guduma. Da aka bar yaran da mutum-mutumin, suka maimaita abin da suka gani, har da kalmomin da mutumin ya furta. A 1963 aka sake gwajin da yara 96, wannan karo wasu suka ga mutumin ido da ido, wasu suka gan shi a fim, wasu kuma suka ga wata mage irin ta katun tana dukan. Duka rukunin uku sun fi yaran da ba su kalli komai ba yawan duka, kuma magen ba ta gaza mutumin gaske ba wajen jan yara.

Gwajin da ya fi amfani ga wannan batu shi ne na 1965. An nuna wa wasu yara an yaba wa mai dukan an ba shi alewa, wasu suka ga an hukunta shi, wasu kuma ba su ga abin da ya biyo baya ba. Waɗanda suka ga hukunci sun fi kame hannunsu. Amma da aka yi wa kowa alkawarin tukwici in ya nuna abin da ya gani, sai bambancin ya ɓace. Ma'ana, dukansu sun koya. Abin da hukuncin ya canza shi ne niyyar aikatawa. Yaro ya riga ya ajiye abin a kansa, sakamakon da ya gani ne ke gaya masa ko ya fito da shi ko ya bar shi.

Akwai suka mai ƙarfi a kan waɗannan gwaje-gwaje, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Mutum-mutumin nan don a doke shi aka ƙera shi, in ka ture shi ya faɗi sai ya miƙe. Yaron da aka kai ɗaki aka nuna masa babba yana dukansa zai iya zaton abin da ake so ya yi ke nan. Dukan roba a ɗakin gwaji kuma ba shi ne tsallake kwata ko wasa da wuta ba. Saboda haka aikin Richard Potts na Jami'ar Jihar Oklahoma ya fi kusa da tambayarmu, domin shi kasada da jiki ya auna. A 1994 ya nuna wa yara 'yan shekara 6 zuwa 9 guntayen shirye-shiryen talabijin, wasu cike da ganganci, wasu babu. Waɗanda suka kalli gangancin sun ƙara yawan kasadar da suka ce za su iya yi. Sai dai a lura, faɗa suka yi da baki, ba a tura kowa kan katanga an gani ba, kuma babu mai binciken da zai yi hakan.

Shaida mafi tayar da hankali kan ƙarfin zane a zukatan yara daga tallar taba ta fito. A 1991 wata mujallar likitocin Amurka ta buga binciken Paul Fischer da abokansa kan yara 229 'yan shekara 3 zuwa 6. An ba su alamomin kamfanoni su haɗa da kayan da ake sayarwa. Kashi 91 cikin 100 na 'yan shekara shida sun haɗa Joe Camel, zanen raƙumi mai baƙin tabarau, da sigari, kusan daidai da yadda suka gane alamar kunnuwan Mickey Mouse. Yaran ba su iya karatu sosai ba, amma sun san raƙumin da abin da ke bakinsa. Sai a 1997 kamfanin R. J. Reynolds ya daina amfani da shi. Kafin nan, a farkon shekarun 1960, jaruman katun ɗin The Flintstones da kansu suke tallar sigarin Winston a talabijin.

Duk da haka, wanda ya ɗauki waɗannan ya ce katun ne ke jefa yara cikin haɗari ya wuce gona da iri. A watan Oktoban 1993, a jihar Ohayo, wani yaro ɗan shekara biyar ya kunna wuta a gidansu da laita, ƙanwarsa 'yar shekara biyu ta rasu. Uwar ta ɗora laifin a kan Beavis and Butt-Head, katun ɗin tashar MTV wanda dama ba na ƙananan yara ba ne, inda ɗaya daga cikin jaruman yake da shauƙin wuta. Tashar ta cire maganar wuta, ta mayar da shirin can cikin dare. Bayan haka maƙwabta suka ce gidan ba shi ma da layin da zai kama tashar. Ko ma wane ne ke da gaskiya, akwai tambayar da ba a cika yi ba: ina laitar take har hannun ɗan shekara biyar ya kai gare ta? Sau da yawa a irin wannan shari'a akan bar jaki a daki taiki.

Tabar Tom da nakiyarsa

A 2006 hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Birtaniya, Ofcom, ta karɓi ƙorafi kan tsofaffin shirye-shirye biyu na Tom and Jerry da tashar Boomerang ta nuna. A ɗayansu, na 1950, Tom ya naɗe taba da hannu ɗaya, ya kunna, ya zuƙa don ya burge wata mage. Kamfanin Turner, mai tashar a lokacin, ya yarda zai yanke wuraren da aka nuna shan taba a matsayin ƙwalisa. Jaridu suka yi ta ba'a. Tun 1940 da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro su, muzurun nan da ɓeran nan suke sarar juna da gatari, suke jefa wa juna uwar maƙera a ka, suke cusa nakiya a baki. Duk wannan an bar shi, sai ɗan karan sigari ne ya tsone ido?

A ganina hukumar ce ke da gaskiya, masu ba'ar ne ba su fahimci ma'aunin ba. Ƙa'idar Ofcom ba ta hana nuna haɗari a shirin yara kwata-kwata ba. Abin da ta taƙaita shi ne halin haɗari da yaro zai iya kwaikwaya cikin sauƙi, sai in akwai ƙwaƙƙwarar hujja ta labari. Ɗan shekara huɗu ba shi da nakiya, ba zai iya ɗaga uwar maƙera ba, kuma ko ya so ba zai iya baje ƙanensa ya zama faifai ba. Amma guntun sigari yana nan yashe a ƙofar gida, ashana tana kan taga, dutsen guga yana jingine a bango da zafinsa. Girman ta'asar da aka zana ba shi ne ma'aunin haɗari ba. Ma'aunin shi ne nisan da ke tsakanin abin da ke kan allo da abin da ke tsakar gida. In aka bi wannan ma'auni, wuraren da suka fi cancantar a sa ido a Tom and Jerry su ne waɗanda babu mai kula da su: sa yatsa ko wutsiya a soket, shiga cikin firji a rufe ƙofa, buga wa wani kasko a ka. Waɗannan kayan aikinsu suna kowane gida.

Abu na biyu da ke raba Tom da Peppa shi ne matsayin jarumin a wurin mai kallo. Tom ba yaro ba ne. Ba shi da uwa, ba ya zuwa makaranta, ba a yi masa wanka, kuma duniyarsa tana shelar kanta a matsayin ƙarya daga daƙiƙar farko: an yanka shi gunduwa-gunduwa, a fitowa ta gaba ya dawo garau. Peppa kuwa, in ka cire hancin, yarinya ce 'yar shekara huɗu. Tana da ƙane mai kuka, tana zuwa gidan kakanninta, ana kai ta wurin likitan haƙori, tana shiga mota irin wadda mai kallonta zai shiga gobe da safe. An gina shirin ne domin yaro ya ce wannan ni ce. Wanda ya ci ribar wannan kusanci, ya sayar da jaka da takalmin ruwa da burushin haƙori masu hoton Peppa, ba shi da bakin cewa ai zane ne kawai ranar da yarinya ta ƙi bel. Masu Dora the Explorer, wanda tashar Nickelodeon ta fara a 2000, sun gane haka tun da wuri: Dora ba ta shiga mota ko jirgin ruwa ba tare da ta tsaya ta ɗaura bel ko ta sa rigar kariya ba.

Wannan iyaka ba a miƙe take kamar layin rula ba. Jarumai masu tashi sama suna tsakiya. Duniyarsu ƙarya ce ƙarara, amma ana ɗinka kayansu daidai jikin yaro a sayar a kasuwa. A 2007 wasu likitocin yara a Birtaniya sun wallafa rahoton yara biyar da suka ji munanan raunuka suna sanye da kayan jarumai irin su Spider-Man da Superman. Biyar ba adadi ba ne da za a gina doka a kai, amma ya isa ya nuna cewa riga na iya rage nisan da ke tsakanin allo da taga.

Sa bel a zane ya wadatar?

Nan ne masu goyon bayan tsabtace katun suke yawan tsayawa, kuma nan ne bincike ya fi ba su kunya. A 1998 Potts da Lisa Swisher sun raba yara 60 'yan shekara 5 zuwa 8 gida uku. Rukuni na farko ya kalli faifan ilmantarwa inda mutane suka yi ganganci, suka ji rauni, sannan suka nuna yadda ya kamata a yi. Na biyu ya kalli katun da jarumansa ke kiyaye kansu a gefen labari, ba tare da an ja hankali a kai ba. Na uku ya kalli katun ɗin bayan an cire waɗannan wurare. Faifan da ya nuna raunin shi ne ya rage wa yara son kasada, ya kuma ƙara musu gane haɗari a muhallinsu. Wato abin da ya yi aiki shi ne wanda jarumansa suka fara yin kuskure. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi, kuma amfanin labari tun asali shi ne wani ya ƙone a madadinsa, gani ga wane ya ishi wane.

Idan haka ne, katun ɗin da jarumansa ba sa taɓa yin ganganci ya rasa babban makaminsa. Matsalar Tom and Jerry ma, in za a kira ta matsala, ita ce kumburin kai yana sacewa cikin daƙiƙa biyu. Babban binciken da jami'o'in Amurka suka yi kan tashin hankali a talabijin a tsakiyar shekarun 1990 ya gano hakan: shirye-shiryen yara su ne suka fi ƙarancin nuna illar da ke daɗewa, kuma suka fi lulluɓe duka da barkwanci.

Sai dai kuma nuna kuskure sannan a gyara shi yana da nasa tarko, kuma wani bincike na 2008 ya fito da shi fili. Marie-Louise Mares da Emily Acosta na Jami'ar Wisconsin sun nuna wa yara 'yan ajin share fage wani shiri na Clifford the Big Red Dog, inda karnuka suka haɗu da kare mai ƙafa uku, suka yi ta tsoronsa, daga ƙarshe suka gane kuskurensu suka yi abota da shi. Manufar masu shirin ita ce a koya wa yara girmama masu buƙata ta musamman. Da aka tambayi yaran, mafi yawansu abin da suka ɗauka shi ne a kyautata wa karnuka masu ƙafa uku. Tsoron da ya ci yawancin mintocin shirin ya zauna musu, gyaran da ya zo a ƙarshe ya wuce su, kuma da aka cire wuraren tsoron fahimtarsu ta ƙaru. Ƙaramin yaro ba ya ɗinke farkon labari da ƙarshensa yadda babba ke yi. In jarumi ya shafe minti tara yana hawa rufin ɗaki cikin kiɗa da dariya, a minti na goma ya faɗo aka yi masa faɗa, ɗan shekara uku hawan ya gani.

Abin da ke fitowa daga haɗa waɗannan bincike biyu shi ne shekaru suna da hukunci. Ga 'yan ƙasa da shekara biyar, abin da aka maimaita shi ne darasi, saboda haka bel da hular kwano su zama cikin jikin zanen kamar takalmi, ba sai an yi wa'azi a kansu ba, kuma ganganci kada ya daɗe a allo. Ko da bel ɗin gefen labari bai koyar da komai ba, ya toshe hujjar da yarinyar can ta kafa, kuma kuɗinsa layi ɗaya ne na alƙalami. Ga 'yan shekara shida zuwa sama, a bar jarumi ya yi kuskure, amma sakamakon ya biyo nan take, kuma ya zama na gaske: ƙafa a ɗaure har shiri na gaba.

Akwai masu cewa duk wannan gyare-gyare yana kashe armashin zane. Tarihi bai cika goyon bayansu ba. Lucky Luke, kaboyin da mai zane ɗan Beljiyam Morris ya ƙirƙiro a 1946, wanda masu karatun Faransanci a Nijar za su iya tunawa, ya shafe shekaru da sigari a leɓe. A 1983 Morris ya musanya sigarin da tsinken ciyawa, a 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama shi a kan haka, kuma kaboyin bai rasa masu karatu ba. A 2005 masu shirin yara na Sesame Street suka sa jaruminsu Cookie Monster ya fara yarda cewa biskit abin ci ne na jefi-jefi. An yi ta surutu cewa an lalata shi, amma har yau yana wawurar biskit yana zubar da ɓurɓushi, domin haɗamar ita ce shi. Masu shirin sun san abin da za a taɓa da abin da in an taɓa jarumin ya mutu.

Gizo bai taɓa zama abin koyi ba

Ga Bahaushe wannan muhawara ba baƙuwa ba ce, ko da sunan katun sabo ne. Babban jarumin tatsuniyoyinmu ɓarawo ne, maƙaryaci, mai haɗama, mai cutar matarsa Ƙoƙi, mai yaudarar zaki da kura. Sau da yawa ma ya sha, ba a kama shi ba. Kakanni sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ba jikoki labarinsa, ba a ji wanda ya nemi a gyara Gizo ya zama mutumin kirki ba. Amma a dubi abin da ke kewaye da labarin. Da dare ake yin sa, manya ma kan hana yin tatsuniya da rana. Yana da kalmomin buɗewa, yana da ƙurunƙus na rufewa, har mai bayarwa ya jingina ƙaryar ga Gizon kansa. Mai bayarwar kuma tana ganin fuskokin masu sauraro: in ƙaramin ciki ya tsorata ta sassauta, in wani ya yi dariyar da ba ta dace ba ta tsawata. Tsamin bakin Gizo ma alama ce ga yaro cewa wannan abin dariya ne. Sannan labari ne na kunne, yaro bai ga yadda ake hawa rumbu ba, ya ji ne kawai an hau.

Katun a wayar hannu ya zo da Gizo ya bar kakar a baya. Ba shi da dare ba shi da rana, ba shi da ƙurunƙus, domin kafin wannan ya ƙare YouTube ya jero wani. Wannan ne ya sa binciken Dimitri Christakis na 2013 a birnin Seattle yake da muhimmanci. An ɗauki iyalai 565 masu yara 'yan shekara 3 zuwa 5. Ba a ce su rage kallo ba, an taimaka wa rabinsu ne su sauya abin da ake kallo, daga na faɗa zuwa na ilmi da zaman tare, aka kuma ƙarfafa iyayen su riƙa zama da yaran. Bayan wata shida halayen yaran wannan rukuni sun fi na sauran gyaruwa. Bambancin ba mai yawa ba ne, amma ya nuna inda igiyar take.

Haɗari yana da gari

Komawa ga Peppa, akwai labari na biyu da ya fi na bel koyarwa. A wani shiri na zangon farko, gizo-gizo ya shigo gidan, Peppa ta tsorata, uban ya kwantar mata da hankali cewa ɗan ƙaramin abu ne da ba ya cutarwa, har yaran suka ɗauke shi suka yi wasa da shi. A Ingila wannan darasi ne mai kyau, yana cire wa yara tsoron banza. A 2012 gidan talabijin na ABC na Ostareliya ya ce shirin bai dace da ƙasar ba, domin a can akwai nau'o'in gizo-gizo masu dafin da ke kai mutum asibiti. A 2017 tashar Nick Jr ta nuna shi, wata uwa ta yi ƙorafi, aka sake janye shi. Shiri ɗaya, zane ɗaya, a nan kariya a can ganganci.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mafi yawan katun ɗin da yaran Kano da Maraɗi da Zariya ke kallo, ta tauraron ɗan'adam ko ta waya, an auna lafiyarsa ne da haɗarin wasu ƙasashe. Peppa ta shahara da tsalle cikin taɓo, sharaɗin uwarta kawai ta sa takalmin ruwa. A unguwar da kududdufi ke cika da damina ya ci yara, ko inda ruwan sama ke rufe bakin kwata, tsallen nan wani abu ne daban. Babu mai zane a Landan da zai tuna da rijiya marar murfi, ko kananzir da aka zuba a robar lemo aka ajiye ƙarƙashin gado, ko kunama cikin takalmi, ko hayaƙin janareta a ɗaki rufe, ko maganin ɓera mai kama da gari. Iyayenmu na da sun yi wa irin waɗannan shinge da camfi da dodo, suna cewa akwai abin da ke cikin rijiya yana jiran mai leƙe. Camfin yana ja da baya, kuma abin da ya maye gurbinsa a kunnen yaro bai san rijiya ba.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a faɗa ba kunya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, da aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a 2003, hular kwano kuma a 2009, shekarar da aka ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Yaron da Dora ta koya wa ɗaura bel zai fito a cusa shi cikin adaidaita sahu tare da 'yan makaranta takwas, inda babu bel ɗin da zai nema. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Da dukansu sun haddace shirin Dora, da bai sa rigar kariya ta bayyana a jirgin ba. Abin da katun zai iya shi ne ya sa yaro ya ga rigar a matsayin abin da aka saba, har wata rana ya tambayi babansa ina tasa. Samar da ita aikin manya ne.

An riga an gwada yin irin wannan shiri da idon gida. Sesame Square, wanda NTA ta fara nunawa a 2011, ya ɗauko Kami mai ɗauke da cutar ƙanjamau, ya haɗa ta da Zobi, direban tasi mai son doya, kuma cikin abin da ya koyar har da kwana cikin gidan sauro, abin da Sesame Street na Amurka ba shi da dalilin tunawa. Bino and Fino na Adamu Waziri daga Abuja ake yin sa, kamfanin Ubongo na Tanzaniya kuma ya mayar da shirye-shiryensa Hausa. Ga matasan da ke zana katun da Hausa a yau suna ɗorawa a intanet, ba na roƙon su mayar da jarumansu limamai, yaro ba zai kalla ba. Su bar Gizo da haɗamarsa, su bar kura ta sha duka. Amma in jarumin yaro ne mai uwa da uba da makarantar allo, kafin a sake shirin wani ya zauna ya bi shi fitowa bayan fitowa yana tambaya ko ɗan shekara huɗu zai iya yin wannan da abin da ke tsakar gidansu kafin uwarsa ta fito daga kicin. In an zana rijiya a sa mata murfi, in an zana kwale-kwale a sa wa yaran ciki rigar kariya.